Man Furen Ilan-ilan Da Karatun Jarrabawa

Ina fata karatu yana tafiya daidai, musamman ku 'yan aji shida da WAEC da NECO suka sa a gaba. A makon jiya na yi muku alkawarin za mu ci gaba da maganar tsara jadawalin karatu. To ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa, saboda wani abu da ya faru a ɗakinmu na hostal. Da farko na ɗauke shi abin dariya ne kawai, sai da ƙanwata da ke aji biyar ta ce mini irinsa ya fara yawo a makarantarsu, sannan na ga bai kamata in yi shiru ba.

Mu huɗu ne a ɗakin. Ana saura mako biyu mu fara jarrabawa, ɗaya daga cikinmu ta dawo da wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta ce a WhatsApp ta ga tallarta, kuma mai sayarwar ta rantse mata cewa man da ke ciki yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana sa haddar karatu, yana korar fargaba, har ma yana maganin hawan jini. Kuɗin da ta biya ya isa ya ciyar da ita kwana huɗu. Tana buɗe murfin, ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Ƙamshi ne mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi, ka ce an haɗa furen yasmin da nunanniyar ayaba. A daren ta shafa shi haka nan zallarsa a wuya da bayan kunne da wuyan hannu, ta ɗauko littafi. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya barci ya kwashe ta a kan littafin, ni kuwa ciwon kai ya hana ni sakat har asuba. Haka ta yi ta shafawa kullum. Kafin mako ya zagayo wuyanta ya yi jawur, ya feso da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi, sai da ta dangana da asibitin makaranta.

Da yake kimiyyar sinadarai nake karanta, sai 'yan ɗakin suka ce wai ni ce zan gaya musu mene ne a cikin kwalbar nan. Ban sani ba a lokacin, amma na ji kunyar in ce ban sani ba, don haka na shiga bincike. A jikin kwalbar an rubuta Ylang Ylang, amma ilan-ilan ake faɗa.

Fure ne na wata bishiya da masana tsirrai ke kira Cananga odorata. Asalinta daga ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama na kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya da Malesiya. Sunan ma daga harshen Tagalog na mutanen Filifin ya fito, inda kalmar ilang take nufin dokar daji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne danginta. Ashe gidansu ɗaya da gwandar daji, kuma gidansu ɗaya da kimba, wadda iyayenmu ke dakawa a yaji suna sakawa a kunu. Duk ukun 'yan dangin da ake kira Annonaceae ne. Idan malamin bayoloji ya zo kan yadda ake kasa tsirrai gida-gida, ga misali nan kun samu a kyauta. Furen kansa yana da kunnuwa shida dogaye sirara masu reto. Kore ne idan ya fito, sai ya nuna ya koma ruwan ɗorawa, kuma a lokacin ne ƙamshinsa yake cika. A Filifin ana shirya shi a zare a yi abin wuya, a Indunusiya kuma akan watsa shi a gadon amarya.

Amma yau ba daga Asiya mafi yawan man yake fitowa ba. A ƙarni na 19 birnin Manila ne cibiyar tatsarsa, daga baya Faransawa suka yaɗa bishiyar a tsibiran Tekun Indiya da suke mulka, ta kuma karɓi ƙasar sosai. Yanzu Komoros da Madagaska ne a sahun gaba. Ku ɗauko taswirar Afirka, ku duba tsakanin Mozambik da Madagaska, za ku ga 'yan ɗige-ɗige a cikin teku. Wannan ita ce Komoros, ƙasar da kusan duk mutanenta Musulmi ne, babban birninta Moroni, ta samu 'yancin kai daga Faransa a 1975. Kanumfari da banila da man ilan-ilan su ne manyan abin da take sayar wa duniya, kuma a tsibirin Anjuwan aka fi noman furen.

Idan aka bar bishiyar a daji takan yi tsawo ta wuce bene mai hawa uku. A gona ba a barinta. Tun tana ƙarama ake sare kanta, a lanƙwaso rassan ƙasa, yadda mai tsinka zai kai hannu ba tare da tsani ba. Mata ne suka fi yin tsinkar, kuma da sassafe suke fita, domin da dare furen ya fi ƙamshi, idan rana ta take sai ya fara sanewa. Ɗaya bayan ɗaya ake tsinka da hannu, ana zaɓar wanda ya nuna. Daga gona sai wurin tatsa, ba a bari ya kwana.

A nan ne darasin da aka yi muku a aji huɗu kan hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗu zai yi muku rana. Ana zuba furen a ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai ruwa, a hura wuta a ƙarƙashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da madambaci ya san yadda tururi yake ɗauko ƙamshin abin da ya ratsa. To haka tururin nan yake tasowa ɗauke da man furen, ya bi ta wani bututu da aka nannaɗe a cikin ruwan sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga a mazubi. Da yake mai da ruwa ba sa haɗuwa, sai man ya taso sama a kwashe shi. Aikin yakan ci sa'o'i da yawa, wani lokaci har ya doshi kwana guda cur, kuma ba a tara man wuri ɗaya. Wanda ya fara fitowa shi ne mafi ƙamshi da tsada, shi ake rubuta wa Extra. Sai mai daraja ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na farkon kamfanonin turare ne ke rububinsa, na ƙarshen kuma yawanci a sabulu yake ƙarewa. Shahararren turaren nan Chanel No. 5, wanda aka fitar a 1921, da man ilan-ilan a cikinsa.

Ku riƙe wannan lissafin, zai yi mana amfani a gaba: sai an tara kusan kilo 50 na fure kafin a samu lita ɗaya ta mai. Wato buhun siminti guda na fure, wanda ba shi da nauyin kirki, a ce an tsinke shi da hannu. Ga kuma itacen da ake ƙonawa. Tatsar man tana cikin abubuwan da suka cinye dazukan Anjuwan, inda koguna da dama da a da ba sa ƙafewa yanzu suke bushewa da rani. Tun da na karanta wannan na daina kallon 'yar kwalbar nan a matsayin ƙaramin abu.

To mu dawo kan abin da ya kawo mu. Amfani da irin waɗannan mayuka don samun natsuwa ko sauƙin wata damuwa shi ake kira aromaterafi, wato jinya da ƙamshi. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, René-Maurice Gattefossé, shi ya yayata sunan a littafin da ya wallafa a 1937. Sunan ne sabo, abin kuwa ba baƙonmu ba ne. Mu da muka tashi cikin turaren wuta da humra ba sai an gaya mana ƙamshi yana sauya yanayin mutum ba. Kun san yadda zuciya take yin wasai idan aka share ɗaki aka turara shi ranar Juma'a.

Kimiyya ma ta yarda da wannan, har ta bayyana dalili. A can saman kogon hanci akwai ƙwayoyin jijiya masu ɗauke da na'urorin kama ƙamshi kusan iri 400. Linda Buck da Richard Axel sun samu kyautar Nobel a 2004 saboda gano yadda suke aiki. Saƙon da suka kama yana isa da sauri ga sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da farin ciki da tuna abin da ya wuce. Shi ya sa ƙamshin ƙasa a ruwan farko yake mayar da mutum ƙauyen kakarsa nan take, ko ɗan makarantar kwana ya buɗe akwati ya ji ƙamshin turaren mahaifiyarsa a jikin zane, hawaye su cika masa ido. A daidai nan masu talla suke yi mana wayo. Sai su ce ai ƙamshi yana da alaƙa da sashen tunawa, don haka yana ƙara ƙarfin hadda. Ƙamshi ya tuno maka da gida daban, ya cusa maka jadawalin sinadarai a ka kuma daban.

An ma gwada. A Jami'ar Northumbria da ke birnin Newcastle a Ingila, wani malami mai suna Mark Moss da abokan aikinsa sun tara mutum 144, suka raba su gida uku. Wasu suka zauna a ɗaki mai ƙamshin ilan-ilan, wasu a ɗaki mai ƙamshin na'a-na'a, sauran a ɗakin da ba a sa komai ba. Aka ba kowa gwajin tuna kalmomi da hotuna da saurin amsawa a kwamfuta. A sakamakon da suka wallafa a 2008, 'yan ɗakin ilan-ilan sun ce sun fi jin natsuwa, wannan gaskiya ne. Amma sun fi sauran rauni wajen tuna abin da aka nuna musu, kuma sun fi jinkirin amsawa. 'Yan ɗakin na'a-na'a ne suka fi tunawa. Da na karanta wa ƙawar tawa wannan, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Wato kuɗina na ba da aka sayar mini da barci?” Muka yi ta dariya, ita kuma tana sosa wuya.

Kada wani ya ce na ce a ruga a sayi man na'a-na'a. Bincike ɗaya ne, kuma bambancin da aka samu ba irin wanda zai ɗaga mutum daga F9 zuwa A1 ba ne. Abin da nake so ku gani shi ne, a gwajin da aka auna hadda kai tsaye, man nan ya yi akasin abin da ake tallarsa da shi.

Batun hawan jini kuwa ya fi wannan nauyi, don a nan rai ake magana. Maganar tana da ɗan tushe. Wata masaniya 'yar ƙasar Tailan, Tapanee Hongratanaworakit, da wani farfesa na Jami'ar Biyana a Ostiriya, Gerhard Buchbauer, sun yi gwaji biyu. A na 2004 mutum 24 ne, aka sa wasu suka shaƙi ƙamshin. A na 2006 mutum 40 ne, aka shafa wa wasu man a fata bayan an sirka shi. A duka biyun awon jinin waɗanda suka samu man ya ɗan sauka. Daga irin wannan ne masu talla suke tsinto jimla ɗaya su yi ta kururutawa. Abin da ba sa faɗa shi ne, mutanen da aka gwada lafiyarsu ƙalau, ba masu ciwon hawan jini ba ne. Yawansu bai kai na aji ɗaya a makarantar gwamnati ba. Kuma awon na ɗan taƙaitaccen lokaci ne a zama guda, ba na watanni ba. Akwai kuma wata matsala da duk binciken ƙamshi yake fama da ita. Idan ana gwada ƙwayar magani, ana iya ba wasu ta gaske, a ba wasu ta bogi mai kama da ita, ba wanda ya san wadda ya sha. Ƙamshi kuwa ba ya ɓuya. Wanda ya shaƙa ya san ya shaƙa, kuma idan ya sa rai zai ji daɗi, sau da yawa jikinsa yakan bi abin da ya sa rai. Ko zama shiru a kujera na minti ashirin kaɗai yana saukar da awon jini.

Na tsaya a kan wannan ne saboda ku. A gidaje da yawa ku ne masu riƙe da waya, ku ne kuke nuna wa Mama da Baba abin da kuka gani. Hawan jini ciwo ne da ba ya yin sallama. Mutum yana jinsa garau alhali jijiyoyinsa suna cin wuya, ranar da zai bayyana sai dai a ji shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Idan a gidanku akwai mai shan maganin da likita ya rubuta, kada ku zama sanadin da zai ajiye shi don wata kwalba mai ƙamshi, komai daɗin bakin mai talla. Idan ƙamshin yana sa Mama jin daɗin barci, madalla, ta shaƙa, ta kuma haɗiye ƙwayarta a kan lokaci.

Ban ce man ba shi da amfani ba. Ga wanda ƙamshin ya yi masa, yana iya taimaka masa ya huce gajiya bayan an rufe littafi, ba lokacin da aka buɗe shi ba. Ɗigo ɗaya a auduga ko hankici, a ajiye ɗan nesa da matashin kai, ya wadatar. Idan ya yi yawa ciwon kai da tashin zuciya yake kawowa, ni shaida ce. Kuma idan ɗakin ba naka kai kaɗai ba ne, ka tambayi abokan kwana tukuna. Mai asma ƙamshi mai ƙarfi yana iya tayar masa da ciwo cikin dare, inda babu mota babu likita.

Kuskuren ƙawata babba shi ne shafa shi zalla. Ku tuna da kilo 50 ɗin nan. Abin da ke cikin kwalbar a tattare yake matuƙa, kuma a cikin sinadaransa akwai waɗanda aka sani da tayar da borin fata. Man ilan-ilan yana cikin abubuwan da likitocin fata suke gwada mutum da su idan suna neman sanadin ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 2023 Tarayyar Turai ta saka shi cikin jerin kayan ƙamshin da dole a rubuta sunansu a jikin man shafawa ko sabulu idan sun kai wani adadi, domin masu borin su kauce. Abin takaicin shi ne, idan fata ta riga ta ƙi shi, yawanci ba ta mantawa. Duk ranar da ta sake haɗuwa da shi a turare ko a man gashi, sai borin ya dawo.

Masana harkar sun ce idan za a shafa a fata, kada ya kai kashi ɗaya cikin ɗari. Bari mu yi lissafin tare. Mililita ɗaya tana da kimanin ɗigo 20. Ƙaramin cokalin shayi yana cin mililita 5, wato ɗigo 100 ke nan. Idan ka sa ɗigo ɗaya a cokali ɗaya na man kwakwa ko man zaitun, ka samu kashi ɗaya cikin ɗari, ka ɗan wuce iyaka. Ɗigo ɗaya a cokali biyu shi ne rabin kashi, shi ne daidai. Ko shi ma a fara gwada ɗan kaɗan a cikin dantse, a jira kwana biyu a gani. Ita kuwa baiwar Allah ɗari bisa ɗari ta yi ta shafawa, ninki ɗari biyu na wannan. Ba a sha, ba a kai shi kusa da ido, ba a shafa wa jariri, kuma a ajiye shi inda hannun ƙananan yara ba zai kai ba, don ƙamshinsa yana kama da na alewa. A nisanta shi da wuta, yana kamawa. Masu kyanwa a gida su ma su kula, irin waɗannan mayuka suna cutar da ita.

Akwai kuma tambayar ko abin da ke cikin kwalbar ma na gasken ne. Man da aka sha wannan wahalar kafin a same shi, ya hau jirgi ya ƙetaro teku, ba zai yi arha ba. Idan kuka ga cikakkiyar kwalba a farashin lemon kwalba biyu, to ko dai an sirka shi da wani mai, ko kuma ƙamshin haɗi ne na masana'anta. Ku duba ko an rubuta sunan bishiyar na kimiyya, da ƙasar da ya fito, da lambar NAFDAC. Sannan ga wani gwaji da kuka riga kuka sani daga darasin gano maiƙo a abinci. Ku ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, ku ajiye ta ta kwana. Man fure na asali yana bin iska, da safe sai dai ɗan shaida da ƙamshi. Idan an haɗa shi da man girki, za ku ga tabon maiƙo irin wanda ƙosai ke bari a jarida, har haske yana ratsa shi. Gwajin ba zai nuna muku ƙamshin haɗi ba, amma zai tona asirin mai algus da man gyaɗa. Mun gwada da kwalbar ɗakinmu. Tabon da ta bari ya kai faɗin kwabo.

Wuyan ƙawata ya warke bayan kwana goma da man da aka rubuta mata. Kwalbar tana nan ba ta yar ba, ta ce kuɗinta ne. Yanzu auduga take ɗiga wa ta cusa a ƙasan akwatin kayanta, a cikin leda, yadda ba zai taɓa tufafin da take sawa ba, mu kuma mun samu lafiyar hancinmu.

Wanda ya gwada gwajin takardar da wani mai da ke gidansu, ya rubuto mini abin da ya gani, zan kawo wasu daga cikin amsoshin a wannan shafi. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan jadawalin karatu, kowa ya zo da jerin darussan da suka fi ba shi wuya.